Kano zuwa Guangzhou: zuwa awa 26, dawowa awa 11, ina sauran suka shiga?

Musa Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya san kan tafiyar jirgi ya warware mini wani lissafi da ya tsaya mini a rai. Maigidana ya ce bana ni zan je Chaina sayen kaya a madadinsa, daidai lokacin baje kolin Canton da ake yi a birnin Guangzhou a watan Oktoba. Ejan ya turo tikiti, ga abin da ke ciki.

Zuwa: tashi daga Kano ranar Talata ƙarfe 1:30 na rana, sauka Addis Ababa ƙarfe 8:00 na dare. Tashi daga Addis 12:30 na dare, sauka Guangzhou ranar Laraba ƙarfe 4:00 na yamma.

Dawowa: tashi daga Guangzhou Juma'a 12:30 na dare, sauka Addis 6:30 na safe, tashi 9:30, sauka Kano 12:00 na rana, duk a Juma'ar.

Da na ƙirga sai na ga zuwa awa 26 da rabi, dawowa kuma awa 11 da rabi. Hanya ɗaya, kamfani ɗaya. To ina awa 15 suka shiga? Ko ejan ɗin ne ya yi kuskure?

Hajiya Binta Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ejan bai yi kuskure ba. Kowane lokaci da ka gani a tikiti agogon garin da aka rubuta ne, ba agogon Kano ba. Chaina ta riga mu da awa bakwai, Habasha ta riga mu da awa biyu. Sake ƙirgawa da wannan.

Amma ni ba ma wannan ne ya ja hankalina ba. Ka dubi dawowarka da kyau. Sha biyu da rabi na daren da aka rubuta Juma'a, daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Wato ranar Alhamis bayan magariba ya kamata a ce kana hanyar filin jirgin Baiyun da kayanka. Akwai wani abokin tafiyarmu da ya kwana a otal hankali kwance, ya yi Juma'arsa, ya zo filin jirgi da daddare, aka ce masa ai jirginsa tun jiya ya tashi. Sai da aka yi masa karo-karo.

Musa Ɗan Kwari:
Innalillahi. Hajiya wallahi ni ma daren Juma'ar na sa a raina. Allah ya saka da alheri.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
Hajiya ta gama magana, ni lissafin kawai zan shimfiɗa maka, tunda shi na karantar har na yi ritaya.

Duniya tana juyawa sau ɗaya a awa 24, zagayenta kuma digiri 360 ne. In ka raba, kowace awa digiri 15. Kano tana kan digiri 8 da rabi gabas, Guangzhou tana kan 113 da 'yan kai. Tsakaninsu kusan digiri 105, ka raba da 15, bakwai ke nan. Rana tana fito musu awa bakwai kafin ta fito mana.

Yanzu ɗauki tikitinka. Ka tashi Kano 1:30, a lokacin agogon Addis 3:30 yake nunawa. Ka sauka 8:00. Awa huɗu da rabi a sama. Ka zauna jira daga 8:00 zuwa 12:30, wani huɗu da rabin. Ka tashi 12:30, a Guangzhou ƙarfe 5:30 na asuba ke nan, ka sauka 4:00 na yamma, awa goma da rabi. Jimla awa 19 da rabi.

Dawowa: Guangzhou zuwa Addis awa 11, jira awa uku, Addis zuwa Kano huɗu da rabi. Jimla 18 da rabi. Ka ga bambancin gaskiya awa ɗaya ne tak. Awa 15 ɗin da kake nema, 14 daga ciki na agogo ne: an ƙara maka bakwai a zuwa, an rage maka bakwai a dawowa.

Sadiƙu Ɗan Jami'a:
Baba Malam, da izininka. Ni na daɗe ina tunanin dawowar ta fi sauri ne saboda juyawar duniya. Tunda duniya gabas take juyawa, in jirgi ya nufi yamma ai Kano ce ke tahowa ta tarye shi. Har nakan ce me ya hana jirgi ya tashi sama ya tsaya cak, ya jira garin da yake so ya iso ƙarƙashinsa?

Alhaji Tanko Singa:
Kai yaro, da haka ne ai da tikitin dawowa kyauta ake bayarwa.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
Alhaji, bar shi, tambaya ce mai kyau, manya ma sun yi ta. Sadiƙu, a daidai Kano ƙasa tana gudu gabas da fiye da kilomita 1,600 a awa. Da a ce iska a tsaye take ƙasa ce kaɗai ke gudu, da babu rufin kwano ko ɗaya da zai kwana a Kano. Iskar tana juyawa tare da ƙasar, jirgin kuma a cikin iskar yake. Ka shiga motar Kano zuwa Kaduna tana tsala gudu, ka cilla goro sama, a tafin hannunka zai faɗo, ba zai je ya bugi na kujerar baya ba.

Kuma tikitin Musa da kansa ya ƙaryata ka. Duba tsakanin Addis da Guangzhou: zuwa gabas goma da rabi, dawowa yamma sha ɗaya. Dawowar ce ma ta fi daɗewa. Dalili kuwa iskar sama ce. A can inda jirage ke bi akwai zirin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai zuwa yamma tana tare shi. Shi ya sa ƙa'ida ce, tafiyar gabas kullum ta fi ta yamma sauri.

Kabiru Injiniya:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Aikina tsara wa jirage hanya da lissafin mai kafin su tashi, don haka maganar ta zo gidana.

Malam, duk abin da ka faɗa daidai ne, sai kalmar nan "kullum". Wannan ƙa'idar ta hanyoyin arewa ce, kamar tsakanin Amurka da Turai. New York zuwa Landan kilomita 5,500 ne da ɗoriya, zuwa yakan ci awa bakwai ko ƙasa da haka, dawowa kusan takwas. A watan Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya samu iska mai ƙarfi a bayansa, ya yi New York zuwa Landan a awa 4 da minti 56. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, alhali injinsa bai yi wani abin da ya wuce na kullum ba.

Amma hanyar Musa ba can take ba. Daga Addis jirgi tekun Larabawa yake tsallakawa, ya ratsa Indiya, ya bi ta Myanmar ya shiga kudancin Sin. A wannan yankin iskar sama tana sauyawa da lokacin shekara. Da sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ta yamma ce ke da ƙarfi, to nan maganarka ta zauna. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, lokacin damunar Indiya, wani zirin ne daban ke tasowa daga gabas ya nufi yamma, ya bi ta saman Indiya da tekun, har ya iso saman ƙasashenmu. A waɗannan watannin mai dawowa ne iska ke turawa. Oktoba da Musa zai tafi tsaka-tsaki ne, shi ya sa bambancin bai wuce rabin awa ba.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
Injiniya, na san iskar damunar Indiya, na koyar da ita. Amma wadda na sani ta ƙasa ce, kuma daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku zuwa tudu. Ta yaya za ka ce daga gabas?

Kabiru Injiniya:
Ita ce dai Malam, hawa biyu gare ta. Ta ƙasa tana shiga Indiya daga kudu maso yamma ɗauke da ruwa. In ta hau sama ta zubar da ruwan, sai ta juyo ta koma yamma ta can ƙololuwa. Ƙarfinta na sama da inda jirage ke bi kaɗan, wajen kilomita 14 zuwa 16, mu kuma muna tsakanin ƙafa 35,000 da 41,000, wato kilomita 11 zuwa 12 da rabi. Duk da haka muna samun rabonmu. Tudun Tibet da ke ɗaukar zafi da bazara yana cikin abin da ke haddasa ta.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
To madalla. Zan koma in duba littattafaina. Amma ka yarda dai a yawancin hanyoyin duniya masu cunkoso maganata ce ke aiki.

Kabiru Injiniya:
Wannan kam babu ja.

Alhaji Tanko Singa:
Ku dai kuna ta iska da digiri, yaron nan kaya zai je saye. Musa, tambayar da ya kamata ka yi wa ejan ita ce jaka nawa aka ba ka, kowace kilo nawa, in ka ƙara ɗaya nawa za ka biya. Sannan ka tambaye shi in sayen kaya bai kammala ba kana son ɗaga ranar dawowa, nawa ne tarar. Ni ban taɓa tambayar kilomita ba tunda nake zuwa, kuma ban taɓa ɓata ba.

Musa Ɗan Kwari:
Gaskiya ne Alhaji, zan tambaya. Amma akwai dalilin da ya sa nisan ya dame ni. Ejan ya ba ni zaɓi uku ne: ta Addis, ta Alƙahira, ko ta Doha. Na buɗe taswira a waya, na ga Addis tana gabas da mu sosai a kan hanya, Alƙahira kuwa can arewa, kamar mutum zai je Maiduguri ya biya ta Daura. Shi ya sa na ce masa Addis.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
Yauwa, nan ne taswirar waya ke yaudarar mutane. Duniya ƙwallo ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, dole sai an ja wani wuri an matse wani kafin ta kwanta. In kana son gaskiya, nemi ƙwallon duniya irin na ofishin hedimasta, ka ɗora zare a kan Kano, ka ja ɗaya bakin zuwa Guangzhou, ka ɗaure shi tamau. Ba gabas sak zai bi ba. Arewa maso gabas zai nufa: ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya wuce dab da Madina ta kudu, ya bi ta kan Bahrain, ya hau har kusa da Delhi, sannan ya gangaro kudancin Sin. Tsawon wannan zaren bai kai kilomita 11,000 ba da kaɗan, ka ce 10,950.

Yanzu auna zaɓin naka uku, kowanne a miƙe.

Ta Addis: Kano zuwa Addis wajen 3,300, Addis zuwa Guangzhou 8,000 da 'yan kai. Jimla kusan 11,350.

Ta Alƙahira: wajen 3,100, sannan wajen 8,000. Jimla kusan 11,100.

Ta Doha: wajen 4,750, sannan wajen 6,200. Jimla 10,950, wato Doha kusan a kan zaren take.

Ka ga wadda ka ɗauka ita ce kan hanya, ita ta fi nisa a cikin ukun.

Sadiƙu Ɗan Jami'a:
Ikon Allah. Wato Masar ta fi Habasha zama kan hanyar Chaina?

Musa Ɗan Kwari:
To ke nan in kira ejan ya mayar da ni ta Doha?

Kabiru Injiniya:
Dakata tukuna. Alƙaluman Malam daidai suke, amma duk bambancin da ke tsakanin mafi nisa da mafi kusa kilomita 400 ne. Jirgi yana cinye wannan a rabin awa. Jira ɗaya a filin jirgi ya shanye shi sau goma. Abin da za ka duba shi ne jimlar lokaci daga tashi Kano zuwa sauka Guangzhou, da tsawon jiran da ke tsakani, da kuma ko jirgin zai biya ta Abuja ko Legas kafin ya fita ƙasar. Biyawa ɗaya, tsakanin sauka da ɗibar fasinja da sake tashi, ta fi ƙarfin awa ɗaya da rabi.

Na biyu, babu jirgin da ke bin zaren Malam sak. Sama ma tana da tituna da mahaɗa da aka tsara, kowace ƙasa kuma ita ke da ikon samanta, ana biyanta kuɗin wucewa. Wata ta rufe, wata ana yaƙi a cikinta kamfanin inshora ya hana a bi. Zaren Kano zuwa Doha ta saman Sudan ya ratsa. Na Kano zuwa Alƙahira yana taɓa kudancin Libiya. Ka ga duk wuraren da matuƙi ba zai shiga kai tsaye ba sai an duba halin da ake ciki a ranar.

Ka ma gwada da tikitinka. Jirgin zamani irin Boeing 787 ko Airbus A350 yana tafiyar kilomita 900 a awa in ya daidaita a sama. Ka raba 8,000 da 900, bai kai awa tara cikakku ba. Amma an rubuta maka goma da rabi. Ragowar ta tafi a gangarawa titin tashi, da jiran layi, da hawa, da saukowa a hankali, da lanƙwasar hanya, da ɗan rarar da kamfani ke sakawa don kada a ce ya makara.

Hajiya Binta Mai Atamfa:
Maganar Sudan ɗin nan mu muka ga tasirinta da idonmu. Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ana dab da fara jigilar alhazai. Kano zuwa Jidda da muka saba awa huɗu da 'yan mintuna, muna gama cin abinci mu ɗan runtsa sai a ce a ɗaura bel. A shekarar sai da aka zagaye Sudan, aka ƙara kusan awa biyu, wasu ma suka ce nasu ya fi haka. Har kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane mahajjaci saboda mai. Makka ba ta matsa ba, Kano ba ta matsa ba.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
Kano zuwa Jidda a miƙe kilomita 3,400 ne, kuma fiye da rabin hanyar a saman Chadi da Sudan take. Hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa ke nan, ta Borno, Wadai, Darfur, har Sawakin a bakin teku, wasu shekaru suke yi, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano ma ta nan suka biyo. Uku ne na sojan saman Ingila, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoban 1925, suna yada zango suna shan mai, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu ma nan Nijar mun ga irin wannan. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe sararin samaniyarmu ranar 6 ga Agusta, sai farkon Satumba aka buɗe. To ga Libiya da Sudan dama ba a bi, ga Nijar ta rufe, sai ya zama jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka sun rasa ta inda za su ratsa tsakiya, dole su zagaya ta yamma ko ta Bahar Maliya. Wani ɗan uwana da ke zuwa Kano daga Turai a lokacin ya ce shi dai ya ga taswirar kujera tana nuna su a wajen Muritaniya, ya ɗauka jirgin Dakar ya shiga.

Tambayata ga Injiniya: tunda duka-duka kilomita 11,000 ne, me ya hana a samu jirgi ɗaya daga Kano kai tsaye? Ko man ba zai kai ba? Mu mutanen Maraɗi da Damagaram da yawa ta Kano muke tashi, da mun huta.

Kabiru Injiniya:
Mai zai kai har ya yi saura. Singapore Airlines tana tashi daga Singapore zuwa New York ba tsayawa, kilomita 15,300, awa 18 zuwa 19, da wani samfurin A350 da aka ƙara wa wurin mai. Kano zuwa Guangzhou awa 13 ne ko da ɗan ɗori. Matsalar fasinja ce. Jirgi mai kujera 300 yana son a cika shi zuwa da dawowa, sau uku ko huɗu a mako, shekara gaba ɗaya, ba lokacin baje koli kaɗai ba. Kuma ribar doguwar tafiya a kujerun gaba take, mu kuwa yawancinmu na baya muke saye mu cika cikin jirgi da kaya. Shi ya sa kamfanonin suke tattaro mutanen Kano da Yamai da Njamena da Duwala da sauransu a wuri ɗaya, su zuba su a babban jirgi. Jiran da Musa zai yi a Addis, jiran sauran jiragen ne su iso.

Akwai kuma dalilin da ya sa tashin dare ya fi yi wa Addis daɗi. Filin jirgin Bole yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga teku. Iskar wurin ba ta da kauri, in rana ta yi zafi sai ta ƙara sirancewa, jirgi mai cike da man awa goma ba ya iya ɗaukar nauyin da zai ɗauka da sanyin dare.

Alhaji Tanko Singa:
Ni fa har yanzu ina zargin da gangan suke rage gudu don su tsimi mai. Shekara nawa ana ƙera sababbin jirage, waya ta canza, mota ta canza, amma awannin nan suna nan yadda na san su.

Kabiru Injiniya:
Alhaji ba zargi ba ne, haka ne, kuma ba a ɓoye ba. Jiragen yau ba su fi na shekarun 1960 gudu ba. Abin da aka inganta shan mai ne da nisan zango da rage ƙara. In jirgi ya matso kusa da gudun sauti, turjiyar iska tana ƙaruwa sosai, ɗan ƙarin gudu kaɗan sai ya ci mai mai yawa. An taɓa yin wanda ya wuce sauti, Concorde na Ingila da Faransa, yana haura kilomita 2,100 a awa, Landan zuwa New York awa uku da rabi. Kujera ɗari kacal gare shi, tikitinsa sai wane da wane, aka ajiye shi a 2003. Kai da ke tambayar kuɗin ƙarin jaka, ba na jin za ka shige shi.

Alhaji Tanko Singa:
A'a, bar ni da na talakawa.

Ustaz Nasiru:
Jama'a an yi ta lissafin agogo, ba a taɓo wanda ya fi muhimmanci ba. Malam Musa, salla ba ta bin agogon hannunka, rana take bi a inda kake. Azahar za ta same ka a Kano kafin ku tashi. Magariba da lisha ka yi su a Addis, kana da lokaci. Asuba ce abin lura, domin gabas za ku nufa, kuna tarar rana. Injiniya ya taimaka mana da lissafin.

Kabiru Injiniya:
In kun tashi 12:30, alfijir zai same ku bayan awa uku zuwa uku da rabi, kuna saman tekun Larabawa. A lokacin agogon Kano bai kai ƙarfe biyu na dare ba. Kuma tsakanin alfijir da fitowar rana zai gajarce, bai fi minti 45 zuwa 50 ba, saboda kuna gudu kuna tararta. Ga shi a lokacin an kashe fitilu an sauke labulen tagogi kowa na barci. In ba ka sa ƙararrawa ba, za ka farka ka ga rana tsaka.

A dawowa akasin haka ne. Kuna gudu dare na bin ku. Rana ta faɗi a Guangzhou wajen ƙarfe shida, ba za ka sake ganinta ba sai kuna dab da Addis, dare na kusan awa 17.

Ustaz Nasiru:
To ka ji. Ka riƙe alwalarka tun daga Addis in za ka iya. Batun haɗa salloli da yadda ake yi in ba a samu wurin tsayuwa ba, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani, ka zauna da malaminka kafin ranar. Sannan in ka isa, alƙibla tana yamma da kai, kada sabo ya sa ka kalli mafitar rana.

Hajiya Binta Mai Atamfa:
Ƙarin abu biyu daga gare ni. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu, Addis da daddare ba wasa, mu da muka fito daga zafin Kano mun fi jin sa. Kuma in ka tambayi ɗan ƙasar lokaci ka yi hattara, su daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. Allon filin jirgi da tikiti kam irin namu ne, su za ka bi.

In ka sauka Guangzhou Laraba da yamma, kada ka biye wa barci da rana washegari. Ƙarfe goma na darensu uku na yamma ne a jikinka, ido zai bushe, da safe kuma lokacin da kasuwa ke buɗewa jikinka na cewa tsakar dare ne. Kwana biyu zuwa uku kake yi kafin ka daidaita. Kada ka yi babban ciniki a ranar farko, kai ba ya ja. Ka zaga unguwar Xiaobei ka ci abincin halal, ka ga 'yan uwa, ka ji farashi, ka bar biyan kuɗi sai jibi.

Musa Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na yi magana da ejan yanzu. Ta Doha a ranar da nake so akwai biyawa da doguwar jira, jimlar ta haura ta Addis da awa biyar. Ta Alƙahira ta ɗan fi araha amma sai na kwana a hanya. Jaka kuma biyu ce duk ukun. Na bar shi a Addis ɗin.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
Ka ɗauki mafi nisa ka riga isa. Allah ya kai ka lafiya. In ka samu kujerar taga a zuwa, ka lura da taswirar da ke gabanka bayan kun bar Indiya, ka gaya mana ta inda kuka shiga Sin, ina son in gwada da zarena.

Isuhu Maraɗi:
Malam, in ba damuwa a auna mana daga Yamai ma. Wani ejan yana ta tallata mana ta Istanbul, ni kuwa gani nake kamar an yi arewa da yawa.

Malam Habu Labarin Ƙasa:
An yi arewa kam, Istanbul tana kan digiri 41, ta wuce zaren sosai. Amma ka ji abin da Injiniya ya ce, turo lokutan tashi da sauka na kowane zango tukuna, da ranakun. Ƙwallon yana ɗakin jikokina sun riga sun kwanta, da safe zan auna maka.